Rasuwar Ɗan Ja, Babur ɗin Tela, Wanda Ya Bar Noti Arba'in da Bakwai

Da zuciya cike da baƙin ciki, da hannayen da har yau baƙin mai bai gama fita daga faratansu ba, Tela na bakin layi, shi da maiɗakinsa Malama da 'ya'yansu biyar, suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan ciniki rasuwar babur ɗinsu, wanda aka fi sani da Ɗan Ja. Ya cika ranar Litinin da safe a gangaren da ke gaban tankin ruwa, yana da shekara tara a duniya, bayan doguwar jinya a hannun wanda ya fi kowa ƙaunarsa. Ƙanwar Tela ce aka ɗora wa rubuta wannan sanarwa. An roƙe ta ta sakaya wasu abubuwa. Ta ji roƙon, amma ba ta yi wa kowa alkawari ba.

Marigayin mai haƙuri ne, duk layi shaida ne. Bai taɓa cewa kaya sun yi masa yawa ba. Ya ɗauki bandir na yadi, ya ɗauki kan keken ɗinki, ya ɗauki katifa, akwai ranar da ya ɗauki yara uku da tukunyar gas da fanka mai tsayawa, duk a sahu ɗaya, ya kai su lafiya. Ba mai yawan shan mai ba ne, ɗan abin da aka zuba masa da shi yake lallaɓawa. Da safe sai an taka shi sau uku. A na farko ya yi shiru, a na biyu ya ce "kuhu", a na uku ya amsa da "tu-tu-tu-tu", har Tsohuwa, mahaifiyar Tela, ta leƙo ta taga ta ce a tafi da shi haka nan, kanta na sarawa. Hon ɗinsa ɗan siriri ne, "fiit", ko kaza ba ta matsa masa.

Amma babban aikinsa a duniya ɗaya ne. Kullum ƙarfe bakwai yakan ɗauki Tela a gaba, Malama a baya, jakar littattafan ɗalibanta a kan tanki, ya kai ta makarantar firamaren da take koyarwa. Tafiyar minti goma sha biyar ce. Wanda bai san gidan ba zai ce mene ne minti goma sha biyar. To, gidan ɗaki biyu ne, yara biyar, ga Tsohuwa mai kunnen da ba ya kuskure, ga shago a ƙofar gida inda mata ke tsaye tun safe suna tambayar ina rigunansu. A duk faɗin yini, wannan ɗan lokacin kaɗai Tela ke samun matarsa ba wanda ke kiranta. Takan sa baki kusa da kunnensa na hagu ta yi ta ba shi labari. Rabin labarin yake ji, ƙarar inji ta cinye rabi, shi kuwa sai ya yi ta gyaɗa kai yana cewa, "Haka ne, Malama, haka ne." Ya fi son wannan tafiyar a kan komai da ya mallaka, kuma ko za a yanka shi ba zai faɗa ba.

Akwai motar ma'aikatan makaranta, fara, mai sanyi, kyauta, tana wucewa ta ƙofar gidan kullum bakwai da minti goma. Tela ya tsani motar nan tsana ta gaske.

Game da jinyar marigayi kuwa, dole a koma baya. Shekarar da aka saye shi, Tela ya bi ƙa'ida, ya kai shi sabis garejin kamfanin da ya sayar masa, inda wan Malama yake bakanike, wanda kowa a gidan ke kira Yaya. Aka zaunar da Tela a ɗaki mai sanyi, aka ba shi ruwa a kofin roba, sannan aka miƙo masa takarda. Ga kuɗin baƙin mai, ga kuɗin filogi, ga kuɗin aiki, can ƙasa kuma ga wani wai kuɗin dubawa. Tela ya ce shi ma ai kullum yana duban babur ɗin, ba wanda ya taɓa biyansa. Duk da haka ya biya. Abin da ya karya shi maganar da ta biyo baya ce: layi ya yi yawa, ya bar shi, ya dawo bayan kwana uku.

Kwana ukun nan Malama ta bi farar mota. Takan dawo da yamma fuska a sake, labaranta duk ta riga ta ba malaman da ke kujerar baya, sai guntu-guntu ta kawo gida. A rana ta uku Tela ya karɓo babur ɗinsa, ya shafa tankin, ya yi rantsuwa Ɗan Ja ba zai ƙara kwana a waje ba. Ga jama'a kuwa cewa ya yi tsada ce ta kore shi, kuma kowa ya yarda, don an san shi da riƙon aljihu.

Hujjarsa ita ce inji inji ne. Shekara ashirin da biyar yana kwance keken ɗinki yana mayarwa, wane ne babur? Ya sayo sifana da sukurudireba, ya samo wani mutum a waya mai gyaran babur cikin yaren da ba wanda ya san na ina ne, ya shimfiɗa tsohon labule a tsakar gida. Daga nan Lahadi ta zama ranar tiyata.

A nan ne sana'a ta cuce shi. A wurin tela, in aka kawo yadi biyar ka ɗinka riga har rabin yadi ya ragu, gwani ne kai. Ragowa ita ce shaidar iya yanka. To ranar da Tela ya fara kwance Ɗan Ja ya mayar, sai ga noti biyu a kan labule, kuma da aka taka babur ya tashi. Wayyo, zo ku ga murna! Ya ɗaga su sama yana nuna wa Malama.

"Kin gani? Ɓarna kawai suke yi a kamfani. Ga shi na haɗa shi tsaf, har da canji."

"Baban yara, anya ba daga wani wuri suka fito ba?"

"Daga wurin da ba a bukatarsu suka fito."

Ya jefa su cikin gwangwanin maɓallai. Tun daga ranar, duk Lahadin da aka tashi ba ragowa sai ya wuni rai a ɓace, yana ganin hannunsa ya fara lalacewa. Inda abu ya yi sako-sako ya ɗaure da ƙyalle, kuma a gaskiya ɗaurin yana da kyau, don yakan zaɓi launin da ya dace da fenti. Sarƙa ta sha man keken ɗinki har ta gode. Sit, wato mazaunin babur ɗin, ya samu riga mai zif da aljihu biyu, aikin da ko amarya ba ta samu irinsa a shagon ba.

Marigayin ya jure. A shekara ta huɗu ya fara wata 'yar ƙara, "kaca-kaca", Tela ya ce sabo ne. A ta shida madubin dama ya koma kallon sama, sai gajimare ake gani a ciki. A ta bakwai fitila ta koma kamawa in an danna hon. Yaya ya zo har gida ya yi magana ta hankali.

"Tela, bar ni in zo ran Lahadi in duba maka shi a nan tsakar gida. Ko sisi ba na so."

"Yaya, ai lafiyarsa ƙalau. Ka taɓa jin na ce zan zo in koya maka ɗinki?"

Gaskiyar magana, a lokacin gwangwanin ya yi nauyi, kuma Tela ya fara jin wani abu a ransa game da shi. Kunya ce ta hana shi bari Yaya ya gani. Ya tura gwangwanin bayan buhun ƙyallaye, ya kawo wa baƙo ruwa.

Tiyatar ƙarshe juyen baƙin mai ce, ran Lahadin da ta wuce da la'asar. An juye, an zuba sabo, an ɗaure notin ƙasan inji. Da aka naɗe labule sai ga wani ɗan zoben ƙarfe, siriri, mai kyau. Tela ya juya shi a tafin hannu, ya ce wannan ko a jikin jaka ya yi, ya jefa a gwangwani.

Litinin da safe Ɗan Ja ya tashi a taki ɗaya, abin da bai taɓa yi ba, kuma masu hankali sun ce sallama ce. Suka kama hanya. Malama na ba da labarin wata uwa da ta zo makaranta faɗa saboda an ba ɗanta sifili, Tela na "haka ne", a bayansu kuwa baƙin mai na zuba a titi, layi ɗaya miƙaƙƙe tun daga ƙofar gida. A kan gangaren tanki marigayin ya ce "kuhu". Ya ce "ƙarrr". Salansa, bututun hayaƙin nan, ta sauka ta kama gabanta, matakin ƙafar Malama ya bi ta. Sannan ya yi wata ajiyar zuciya, "fushhh", ya gangara a hankali har bakin kwata, ya tsaya, ya jira suka sauka, sannan ya kwanta. Ko ƙwarzane ba wanda ya samu. Har a numfashinsa na ƙarshe bai kayar da Malama ba, wannan kuwa iyalin ba za su manta ba.

Yaya ne ya duba gawar a tsakar gida. Ya leƙa ƙasa, ya leƙa sama, ya ce injin ya buga, gyaransa ya fi sayen wani. Sai ya ce a kawo masa duk abin da aka taɓa cirewa. Tela ya yi kamar bai ji ba. Malama ta shiga shago ta ɗauko gwangwanin, ashe duk shekarun nan ta san inda yake. Yaya ya zazzage a kan labule, ya ware maɓallai gefe, ya ƙirga noti arba'in da bakwai, da ɗan zoben nan a sama. Sannan ya cire hularsa.

"Tela, wannan ba gyara ka yi ta yi ba, rage masa jiki ka yi ta yi. Shekara takwas bawan Allah nan a kan ƙyalle da kunyarka yake tafiya."

Tela ya zauna a kan bokiti ya yi hawaye, na gaske, har Tsohuwa ta fasa faɗan da ta shirya. Kowa ya ɗauka babur yake yi wa kuka. Ƙanwarsa ta san bakwai da minti goma na gobe yake tunani.

Marigayin ya rasu ya bar Tela da Malama, da yara biyar da duk a tankinsa suka koyi zama. Ya bar hular kwano biyu, ɗaya ba igiya. Ya bar sifana shida da ba su san laifin da suka yi ba, da madubi mai kallon sama, da tabon mai a tsakar gida wanda omo ya gagara. Ya bar ɗan uwansa keken ɗinki, wanda tun ran Litinin aka hana Tela kusantarsa da sukurudireba. Salansa har yanzu ba a san inda take ba, wanda ya gan ta ya gaya mata an yi rasuwa.

Talata da safe Tela ya fito da sit ɗin marigayi ya ajiye a ƙofar shago, ya zauna a kai, ya kama ɗinkin da ba na gaggawa ba don kada ya ɗaga kai. Bakwai da minti goma farar mota ta tsaya, ta yi hon mai kauri. Malama ta fito da jakarta. Ta leƙa ta taga ta yi wa direba magana, mota ta ja ta tafi ba ita. Ta dawo ta ɗora wa Tela jakar littattafai a cinya.

"Tashi, Baban yara. Ban ƙarasa maka labarin matar nan ba."

"A ƙafa, Malama? Ai da nisa."

"Minti arba'in ne. Na auna tun shekarar da ka kai shi kamfani."

Suka tafi. Da ya dawo, gumi sharkaf, fuska kamar an yi masa albishir, ya shaida wa ƙanwarsa abu biyu. Na ɗaya, ashe Malama ta iya labari haka, yau ne ya fara jin ɗaya daga farko har ƙarshe. Na biyu, ta gaya masa cewa kusan kullum a kan gangaren tanki takan ce masa, "Ka kai babur ɗin nan wurin Yaya," shi kuma shekara takwas yana amsa mata da "Haka ne."

Za a yi jana'iza ran Asabar da hantsi, lokacin da mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da sikelinsa da amalankensa. Za a sallami marigayin tare da notinsa arba'in da bakwai, a zuba masa su a tanki, ya tafi cikakke kamar yadda ya zo. Sit ba ya cikin ciniki, kada ma a taya. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar shago daga la'asar zuwa magariba, kuma masu ɗinki a hannun Tela su yi wa Allah kada su haɗa ta'aziyya da tambayar riga. Yaya ya ce in an tashi sayen wani zai raka, bisa sharaɗin sifanonin nan shida su koma gidansa da zama. Tela ya ce ba sauri ake ba.

Kada kowa ya zo gaisuwa da safe, ba za a samu masu rashin a gida ba. Wanda kuma ya gan su a hanya wajen gangaren tanki, shi rungume da jakar littattafai, ita tana magana tana nuni da hannu, iyalin na roƙonsa da babbar murya: ya ɗaga musu hannu ya wuce, kada ya tsaya ya ce zai rage musu hanya.