Ta'aziyyar da Baba Ya Kai Farin Gada

"Ina kwana, Kaka? Ina gajiyar gudu?"

"Lafiya lau, mai kisan kai. Gaishe ni daga nan, kar ki matso."

Da wannan gaisuwar aka buɗe safiyar Asabar a gidanmu da ke unguwar Dilimi a Jos, ƙarfe tara saura minti goma. Mai gaisuwar 'yata ce Raliya, shekararta goma sha shida. Mai amsawa mahaifina ne, Hammajoda, wanda ya shekara arba'in yana kiwo kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi a wurina. Ni malamin rajista ne, na saba rubuta abu da ranarsa da lokacinsa, don haka bari in jera yadda aka zo nan.

Makon jiya makarantarsu Raliya ta kai su hawan dutse a Shere. Da suka dawo ta rubuta labarin ban tsoro don gasar da malaminsu, Mista Ignatius, ya sa musu. A labarin, ƙawaye biyu sun ɓata a daji, ɗaya ta faɗa tsohon ramin haƙar kuza, ɗayar ta gudu ta bar ta. Ba ta wahalar da kanta wajen neman suna ba, ta sa nata, ta sa na ƙawarta Sadiat. Ranar Alhamis bayan la'asar tana ɗaki tana karanta wa wayarta babin ƙarshe, har da shessheƙa, don ta ji yadda zai fito. Baba yana bayan taga yana alwala. Da kunnensa ya ji ta ce, "Na bar Sadiat a cikin rami, na gudu, ban faɗa wa kowa ba." Ya tuna kwana biyar ke nan bai ga Sadiat a gidan ba.

Ni ne ɗansa na fari. A wajenmu Fulani uba ba ya kiran sunan ɗan fari, balle ya zaunar da shi ya tambaye shi magana mai nauyi. Surukarsa kuma akwai kunya. Saboda haka bai tambayi kowa ba. Juma'a da safe ya sa babbar riga, ya hau keke napep zuwa kasuwar Farin Gada, wurin Alhaji Kasali mahaifin Sadiat, Bayarabe mai sayar da tumatir kwando-kwando. Ya je ya yi ta'aziyya, ya kuma nemi gafara a madadin zuriyarmu.

Yau ina baranda da kwamfuta, don ni ke buga labarin. Na gama babi huɗu, saura na ƙarshe, kuma ƙarfe sha biyu Mista Ignatius zai rufe karɓa. Ba na sa baki a wasan kaka da jika. Saurare kawai nake yi.

"Wai da gaske takalminka ɗaya yana can cikin kwandon tumatir?" in ji Raliya.

"Sadaka na bayar."

"Ƙafa ɗaya?"

"Masu ƙafa ɗaya a garin nan ba mutane ba ne?"

"Ka ba ni labarin da bakinka, ango. Masu lodin kabeji sun ba da nasu, ban yarda ba. Sun ce mutum uku suka tare ka a bakin titi."

"Biyu ne. Na ukun kallo ya zo yi." Baba ya gyara zama a kan buzunsa. "Na je na zauna da mutuncina. Na ce, Alhaji, sai haƙuri, Allah ya jiƙan yarinya. Ya ce, wane yarinya? Na ce a raina, wayyo, baƙin ciki ya taɓa masa kai. Na ce, Sadiyatu. Ya ce, Baba, Sadiat yana nan. Na ce, ƙwarai kuwa, tana nan a zukatanmu. Sai na ji an ce daga bayana, Baba ga ruwa."

"Sai me?"

"Sai na waiwaya."

"Sai me?"

"Sai na tuna ban ba akuya dusa ba."

"Ba mu da akuya, Kaka!"

"Shi ya sa na yi sauri, in je in duba dalili."

Raliya ta riƙe ciki. "Innalillahi! Mutumin da kullum yake cika mana baki ya kori kura da sanda! Yarinya da kofin ruwa ta sa ka tsallake kwando shida!"

"Kura ba ta taɓa mutuwa ranar Alhamis ta kawo mini ruwa ranar Juma'a ba. Ke dai je ki, na sake ki. Ba na zama da macen da ke jefa 'ya'yan mutane a rami."

"Saki na nawa ke nan? Na watan jiya ma ban gama idda ba."

"Wannan na gaske ne. Ki bar mini gorona da rediyona, ki kwashe sauran."

"Sauran me? Haƙori huɗu da tocila marar batir?"

"Haƙori biyar! Kin gani? Ko a bakina sai kin kashe wani."

Daga nan dariyar Raliya ta yanke. Ta zauna a bakin tabarma, ta fito da waya, ta ce, "Kaka, saurari abin da ka jawo mini." Ta kunna saƙon murya. Muryar Sadiat ce, kuma babu wasa a cikinta.

"Raliya, ni ban damu da kin kashe ni a takarda ba. Amma ki gudu ki bar ni? Ni da na ɗaukar miki jaka har saman dutse? Haka kike gani za mu yi in abu ya same mu? Yanzu duk kasuwa marigayiya ake kirana. Wallahi in kika miƙa labarin nan ina cikin ramin, kar ki sake yi mini magana."

Saƙon ya shigo jiya ƙarfe biyar da minti bakwai na yamma. Tun daga lokacin Raliya ta kira sau tara, ba a ɗauka ba. Yaran nan tare suke tun aji ɗaya na firamare.

"Yarinyar ta yi gaskiya," in ji Baba. "To ki fito da ita mana. Ba ke kika jefa ta ba?"

"Ba na iyawa. Na gwada sau uku, duk ƙarya ce ke fitowa."

"Da can gaskiya kike rubutawa?"

"Kaka, ka tsaya ka ji. A dajin akwai wani abu da ke zaune a cikin ramukan. Ba a ganinsa. Muryar mutane yake ɗauka. In ya ji muryarka sau ɗaya, shi ke nan, sai ya riƙa kiran naka da ita, suna leƙawa yana janye su. Da Sadiat ta faɗa, sai na ji muryarta daga rami biyu a lokaci ɗaya. Wannan yana cewa Raliya taimake ni, wancan yana cewa Raliya taimake ni. Ban san wacce ce ita ba. Shi ne na gudu."

Baba ya buɗe baki bai rufe ba. Sai da ya ja carbi uku sannan ya ce, "A'uzubillahi. Wa ya faɗa miki wannan?"

"Kaina."

"Kan nan da nake shafawa ina sa masa albarka? Ashe abin da ke ciki ke nan? Me ya kai ku wurin tun farko?"

"Hazo ne ya rufe, muka bar hanya muka yanke ta cikin ciyawa."

"Kuka bar hanya! A cikin hazo! A ƙasar da Turawa suka huda kamar rariya!"

"Sai ƙishi ya kama mu, muka sha ruwan kududdufin kuza."

"Subhanallahi! Koren ruwan? Ko ɗan maraƙi sai ya shinshina ya juya. Wannan abin ramin ma ɓata lokacinsa yake yi, da ya zauna ya huta, da kanku za ku gama aikin."

"To ai shi ya sa na zo wurinka. Ka fito mini da ita."

"Ni? Sakakkiyar mace ba ta aiken tsohon miji. Sai kin miƙe kin ce Hammajoda bai gudu ba."

Raliya ta miƙe, ta dafa ƙirji. "Na shaida Hammajoda bai gudu ba. Tashi sama ya yi."

"Ta mutu ke nan. Allah ya jiƙanta karo na biyu."

Na duba agogo. Goma da kwata.

"Shi ke nan," in ji Raliya. "In Sadiat ba ta fito ba, zan sauya labarin gaba ɗaya. Sabon sunansa Tsoho da Kwandon Tumatir. Da cikakken sunanka, da na rugarku. A gaban makaranta za a karanta, har da iyaye."

Baba ya zabura. Bai dube ni ba, bango ya duba, ya ɗaga murya. "Mutanen da ke baranda ba za su buga wannan ba."

Mutanen da ke baranda suka ci gaba da kallon kwamfuta.

"Kin ga irin gidan da na faɗo," in ji shi. "To buɗe kunne, sau ɗaya zan faɗa. Ba a tsayawa a bakin ramin kuza, ƙasar wurin zaizayewa take yi. Kwanciya ake yi rub da ciki. Ki nemi gungume mai ƙwari ki gicciya a bakin ramin. Igiya kuma tana tsaye kusa da ke, ba ki gane ta ba. Ki sami kalgo, ki ɗaye ɓawonsa, ki tuƙa shi riɓi uku. Da shi muke fito da saniya, balle 'yar Alhaji da ba ta kai buhun gero ba."

Raliya tana rubutawa da sauri. Sai ta ajiye biro. "Wannan duk na ji. Amma a wane ramin zan jefa igiyar? Muryar iri ɗaya ce, Kaka. In na jefa wa abin, ni zai janye."

Baba ya murza gwiwarsa.

"Ina da shekara goma sha tara," in ji shi, "a cikin hazon Agusta, wajen Bukur, na bi wata karsana da ta ɓalle. Ban ankara ba sai na ji babu ƙasa a ƙarƙashina. Tun hantsi nake ciki, ruwa har ƙugu, ina ihu. Mutane sun ji, amma an ce ramin yana da mai kira, ba wanda ya yarda ya matso. Sai wajen la'asar Chollom ya zo, abokina, ɗan Birom ɗin da muke sauka a gonarsu bayan girbi. Ina jin haƙoransa suna haɗuwa don tsoro. Na ce, Chollom, don Allah, ni ne. Bai amsa ba. Na yi kuka, na haɗa shi da uwarsa. Shiru. Can sai na ji ya ce, in kai ne Hammajoda, mai ƙafa kamar sillen kara, wanda saniya ta fi shi hankali tunda ita ta ga ramin, to ka yi magana."

"Sai ka ce me?"

"Na ce, kai har kana da bakin magana, kai da tunkiya ta kora har cikin coci ana tsakiyar addu'a? Sai na ji ya fashe da dariya, yana ihu, shi ne, shi ne, ku kawo igiya!"

Raliya ta saki baki. Ni ma hannuna ya tsaya a kan kwamfuta. Shekarata arba'in da bakwai, ban taɓa jin mahaifina ya faɗa rami ba.

"Kai ka taɓa faɗawa?" in ji ta. "Kai? Kake zagin mu mun bar hanya?"

"Ba wannan na ce ki rubuta ba. Abin ramin naki zai iya kuka, zai iya roƙo, zai iya kiranki da muryar da kike so. Amma bai yi shekara goma yana tara abin kunyarki ba. Ki zage ta. Wadda ta rama, ita ce."

Raliya ta dubi takardar, ta dubi wayar. Maimakon biro sai ta ɗauki wayar, ta danna, ta kai baki.

"Ke Sadiat, marigayiya mai kawo ruwa. Mai tafiya kamar agwagwa ta sa takalmin aro. Na so in fito da ke, amma an ce kalgon Jos gaba ɗaya ba zai ɗauki nauyin kanki ba."

Ta aika. Ƙarfe goma da minti arba'in da ɗaya.

"Kin kashe ni," in ji Baba. "A labarin na ce! A labarin!"

"Gwaji nake yi. In dabararka ta banza ce, gara in sani."

Raliya ta ƙura wa wayar ido, tana cizon farce. Alama ta nuna an saurara. Minti ɗaya, biyu, biyar, ba amsa. Na ga idonta ya fara kawo ruwa. Baba ya daina jan carbi, ya matso da buzunsa kusa da ita.

Ƙarfe goma da minti hamsin da biyu wayar ta yi ƙara.

"Lalle ma Raliya! Ni kike zagi? Ke da ƙadangare ya leƙo daga dutse kika maƙale a wuyan malamar lissafi kina kiran Ummanki? Ke da kika ce mu ajiye biskit saboda gaggawa, kika cinye tun motar ba ta bar Titin Bauchi ba? Wallahi in na fito daga ramin nan, sai na jefa ki a ciki!"

Baba ya kwashe da dariya har hularsa ta faɗi, yana dukan buzu yana tari.

"Ita ce! Na rantse ita ce! Me kike jira, amarya? Jefa igiya, na mayar da ke!"

Raliya ta share ido da bakin hijabi, ta jawo kujera kusa da ni, ta fara faɗa ina bugawa. Ƙarfe sha ɗaya da minti talatin da shida Sadiat ta fito daga rami, tana zagi.