Duman Kada a Gidan Gesse

Wani ne, shekarar da aka cire jihar Kebbi daga Sakkwato, aka maido shi aiki Birnin Kebbi, aka ba shi gida a Gesse. Gida sabo fil, amma ko ciyawa babu a tsakar gidan. Maƙwabcinsa kuwa, Ndubuisi mai shagon kayan mota, ya jera furanni a bakin ƙofa. Abin ya tsaya wa mutumin nan a rai.

Wata safiya ya je Argungu sayen kifi. A bakin gulbi ya ga wata ciyawa ta malale ƙasa, da furanni masu ruwan shuni, kowanne kamar mazurari. Wani dattijo, Labbo, yana ta tumɓuke ta daga gonar shinkafarsa, gumi na zuba.

Mutumin ya ce, "Baba, wanga hure na saidawa ne?"

Labbo ya dube shi sama da ƙasa. "Duman kadan?"

"Ko mi sunanai, ina so."

"Kwasa, kyauta. In ka dawo gobe da mota, har tuwo sai in ba ka."

Ya ɗaure dami a bayan babur, ya taho yana dariya, wai mutanen ƙauye ba su san arziki ba.

Ya dasa, damina ta kama. Kafin wata ya mutu abu ya cinye tsakar gida, ya naɗe igiyar shanya, ya leƙa taga. Matarsa Laure ta ajiye turmi ta shiga salla, da ta fito sai da lauje aka nemo shi. Daga nan duman kada ya haye katanga, ya shaƙe furannin Ndubuisi ɗaya bayan ɗaya.

Ndubuisi ya zo ya ce, "Maƙwabci, abin nan naka ya kashe mini fulawa. Yanzu ƙofar kicin yake nema."

"Ai zumunci ne. Naka saye ka yi, wanga kuwa har gida ya same ka."

Damuwar mutumin ɗaya ce. Da safe furanni fal, kamar ana biki. In ya dawo da la'asar, duk sun tsuke baki sun langaɓe.

"Laure, wa ka taɓa mini hure?"

"Ba wanda ya taɓa, Malam. Rana na ɗagawa suke rufewa."

"Ke ba ki san duniya ba. Bakin mutane ne."

Ya samo fasasshiyar ƙwarya ya kife a kan sanda, maganin baki. Duman kada ya naɗe ƙwaryar da sandar duka.

Ana nan sai lokacin ƙarin girma ya zo a ofis. Mutumin kuwa, da yake kullum tun hantsi yake sulalewa daga ofis ya shiga gari, ya ga dole ya burge Darakta. Ya shiga ya rusuna, ya ce yana da lambun fure wanda babu irinsa a faɗin jiha, iri ne daga nesa. Ya yi ta naci har Darakta ya ce to, zai biyo bayan la'asar.

Darakta ya iso cikin babbar riga, ya sauka daga mota, ya yi ta neman ƙofar gida. Da ƙyar ya gano ta cikin ganye. Yana sa ƙafa, reshe ya harɗe shi, sai ga shi rub da ciki. Hula ta gangara cikin ganye, ba a sake ganinta ba.

Mutumin ya rugo yana kakkaɓe masa riga. "Sannu, ranka shi daɗe. Gaisuwa ce, haka yake yi ma manya."

Darakta ya miƙe, ya dubi gabas, ya dubi yamma. Ganye kawai.

"To ina huren?"

Mutumin ya duƙa, ya kama wani da ya tsuke, yana ɓare shi da yatsa yana raɗa masa, "Buɗe, don girman Allah. Yau kaɗai." Furen ya tsinke a hannunsa.

Ya ɗago yana murmushin dole. "Ranka shi daɗe, sun zo. Wallahi da sahe duk sun zo. Sai dai azahar na yi suke tashi."

Darakta ya tofar da ganyen da ke bakinsa ya ce, "Gobe ka taho da shi ofis in ba shi kujerarka. Shi ko ba komi yana kai azahar."