Rasuwar Gwaggo Mai Tari, Rediyon Shagon Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunne mai cike da shiru, ni Tela na bakin layi nake sanar da 'yan uwa da abokan ciniki rasuwar rediyon shagona, wadda kowa ya sani da Gwaggo Mai Tari. Ta cika ranar Asabar da hantsi a kan kantar zare, tsakiyar waƙa.

Marigayiya ba ta da girman kai. Manyan tashoshi masu labaran duniya ba ta taɓa shiri da su ba, in ka murɗa can sai ta ce "shiiiii" kamar ana suya. Ƙananan tashoshi ne danginta, irin waɗanda muryarsu ba ta wuce bayan kasuwa, mai gabatarwa yana atishawa ana ji, in an ɗauke wuta waƙa ta yanke mu ƙarasa da bakinmu. Ta bakinta muka ji waƙar mai sayar da madubi, da ta amaryar da ta ƙone girkin farko, da uwa uba waƙar direban da ya bar budurwarsa a tashar mota. Matasan yau ba su san su ba, ni kuwa har yanzu in na taka keken ɗinki da kiɗansu nake takawa.

Lalurarta guda ce tun tana da ƙuruciya: ba ta magana sai an riƙe mata eriya. Kuma ba kowane hannu take so ba. Nawa ta raina shi, na uwargida sai ta yi ta "kyar-kyar-kyar". Hannun maƙwabcina Dogo kafinta kaɗai ke sa ta fito tangaram, saboda Allah ya yi shi kamar falwaya.

To, wanda ya san layinmu ya san ni da Dogo ba ma ga maciji. Tun bikin 'yarsa da na ɗinka masa wando, ya ce ya ɗage, ni kuwa na ce ƙafarsa ce ta ƙaru, gaisuwa ta mutu tsakaninmu. Amma duk Asabar, in lokacin shirin tsofaffin waƙoƙi ya yi, sai ga shi da garin katako a gemu, ko sallama sai dai ya yi wa Gwaggo. Ya kama eriya ya tsaya ƙiƙam. Musu kuwa ta bakinta muke yi. Ya ce mata ta gaya wa mai gidanta direban nan na waƙa ya dawo ya auri yarinyar, ni in ce mata ta shaida wa mai riƙe da ita direba bai taɓa waiwaye ba. Babu mai raba mu, don kaset ɗin tashar ya cinye ƙarshen waƙar tun tuni, da an zo baitin ƙarshe sai mai gabatarwa ya shiga gaishe-gaishe. Wallahi wannan musu shi ne ranar kasuwata.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Batir ya yi mata ruwa a ciki, mai gyara ya buɗe, ya shinshina, ya mayar da murfi ya girgiza kai. Duk da haka ta daure har Asabar. Dogo na riƙe da ita, direba ya hau mota, sai ta ce "ƙit". Ya jima tsaye da eriya a hannu, sannan ya ajiye a hankali ya fita. Tun ranar ban ga ƙeyarsa ba, kuma ba na jin kunyar faɗa, na yi kewar ƙaton nan fiye da marigayiyar.

Ta rasu ta bar robar da ke ɗaure da murfinta, da tsinken ashana da ke tare maɓallinta, da keken ɗinki mai takaba, da tsofaffi biyu da ba su da sauran dalilin haɗuwa.

Za a yi jana'iza Asabar mai zuwa. An yi likkafani da ƙyallen shadda, za a kwantar da ita a saman kabad kusa da tsohon dutsen guga. Akwatin gawa dai ba a samu ba, don kafintan layin ɗaya ne kuma ba ma magana. Zaman makoki a shago, daidai lokacin shiri.

Ana kuma sanar da cewa ɗana ya aiko da sabuwar rediyo, ja'ira mai kama kowace tasha ba tare da an taɓa ta ba. Na gwada, na gani, na sa almakashi na gutsure mata eriya. Yanzu ba ta cewa komai sai "shiiiii". Don haka ana neman mutum dogo mai hannu mai albarka. In ya zo, wandon da aka sake masa kalmasa yana rataye a ƙusa.