Babban Yatsan Kaka Khalfan

"Sannu da dawowa, kurma," in ji Kaka Khalfan.

"Yauwa, sannu da zama, mai kunnen ado. Ka ji ni?"

"Ko tari ban ji ba."

Zuwaina ta ja siririn kwale-kwalenta kan yashin bakin tekun garin Khasab. Mahaifinta ya gindaya sharaɗi: ba za ta kai baƙi masu yawon buɗe ido bayan dutsen nan da ya kutsa cikin teku gobe ba, sai kakanta Khalfan ya shaida cewa ya ji muryarta ta oba-oba daga can. Ga shi tsohon zaune kan kifaffen jirginsa, da gahawa da kwanon dabino a gefe, yana cewa bai ji komai ba.

Ya ɗora laifin kan doguwar eriyar da ta ɗaura, wai ta yi kama da sandar kamun kifi. Shi da ya sayo na'urar, gajeriya ya gani a kai, kuma ya ce ta murɗa ƙarfin har ƙarshe.

"Gajere ba yaro ba ne, 'yar nan."

"A tudu ke nan. Ni a zaune nake, ruwa iya ƙuguna. Ba ku kuke cewa sai an hau rimi ake hange ba? To, ga rimina."

"Ƙarfi ake so. A zamaninmu daga can ƙauyen Kumzar nake kiran kakarki, da baki kawai."

"Shi ya sa har yau take ce maka 'me ka ce?'"

Ta bayyana masa cewa ƙarfin nan batir yake sha, ba ya huda dutse. Ta ce ɗazu ta tsaya daidai inda ake hango gaɓa, ta miƙar da eriya, ta kira shi sau tara. Ya rantse da gemunsa na'urar ba ta bar hannunsa ba. Ta ce ya nuna mata yadda ya riƙe. Ya damƙe ta, babban yatsansa ya danne madannin magana kamar mai tsoron kifi ya suɓuce.

"Haka ka riƙe tun da na tafi?"

"Haka ake riƙon abu mai tsada."

"Kaka, in ka danna, kai ake ji, kai ba ka jin kowa. Ni kam na ji ka tsaf. Na ji kana gaya wa mai sayar da gahawa cewa duk 'ya'yanka babu mai tuƙi kamar Zuwaina. Masuntan bakin tekun nan ma duk sun ji."

Tsohon ya dubi yatsan, ya dube ta, dariya ta ƙwace masa har rawaninsa ya karkace.

"Aljanun teku kika ji."

"Da muryarka?"

Ya tura mata kwanon dabino gaba ɗaya, ya ce ta ci ta koma bayan dutsen, a sake gwaji kafin la'asar; wannan karon zai zauna kan hannun nasa, in ya ji ta, da ƙafarsa zai je ya shaida.

Tana tura kwale-kwalen cikin ruwa ya ɗaga murya:

"Ke, sarkin tsegumi, don Allah zancen tuƙin nan kada ya kai kunnen ubanki."