Littafinmu na Farko da Daddawar Inna

Ni na ceci littafin farko na kamfanin Yaya Hadiza daga ruwan sama. A fara sa wannan a tarihi, kafin a zo kan sauran.

Tumakinta ta sayar ta kafa kamfanin wallafa a zauren gidanmu na Makoda. Ranar da aka kawo littattafan daga Kano tana can wajen gayyatar mutane bikin ƙaddamarwa. Ni da ba na magana sai kallo, na hango tabon yoyo a rufin zaure, ga hadari ya haɗo. Na kwashe kwalayen kaf zuwa ƙuryar ɗakin Inna, inda ya fi ko'ina ɗumi, na ja ƙofa. Har na fara tsara yadda zan amsa yabo.

Na manta a nan Inna take rufe kalwa ta zama daddawa.

Ranar ƙaddamarwa Dagaci ya buɗe littafin, ya shinshina, ya ɗago kai.

"Hadiza, wannan karantawa za a yi, ko miya za a kaɗa?"

Wuri ya kaure da dariya. Yaya ta dube ni, na nutse cikin hijabi. Sai wata tsohuwa ta ce, "Ba ni biyu, 'yar nan. Ban iya karatu ba, amma na san abu mai kyau." Ko littafi ɗaya bai kwana ba, aka saye su kaf.

Yau har ofis gare mu a Ungogo, amma kowa Gidan Daddawa yake cewa. Duk sabon littafin da ya fito, Yaya sai ta miƙo min.

"Ƙwararriya, shinshina mana. Ya nuna?"