Ranar Da Na Shiga Hayaƙin Matan Aure Don Usman Tela

Ba na jin zan taɓa mantawa da yammacin da na hau dandamali a farfajiyar makarantar unguwarmu a Gadarif ta ƙasar Sudan, ina ƙamshin amaryar kwana uku, alhali ko mai cewa yana sona ban da shi.

Khalti Zahra (wato Inna Zahra, a Larabcin garinmu) ce ta shirya wasan kwaikwayon. Daga garin Madani yaƙi ya koro su, ita da 'yarta Amna mai shekara tara. Amna ba ta yawan magana, ba ta son hayaniya, ƙamshi mai ƙarfi kuwa firgita ta yake. Matan unguwa suka dage wai iska ce ke jikinta, shi ne uwar ta ce bari a nuna musu yadda gidansu yake wuni. Amna za ta fito a matsayin kanta, ni ce uwa, Usman tela na kasuwa shi ne uba.

Usman fa! Shekara biyu ina kai masa ɗinkin da ba na buƙata. A littattafan da nake karantawa, haka ake farawa: a haɗa mutum biyu a wasa, a ƙare da ɗaurin aure. Na ƙudurta ranar nan sai ya gan ni da idon miji.

A gwaji komai lafiya lau. Amna ta saba da ni har tana barina in taje mata kai. Sai ranar wasan na lallaɓa gidan yayata, na zauna a kan ramin dukhan ɗinta, inda ake turara jiki da itacen ƙamshi, na sha hayaƙi, na sa baƙin lalle har kan yatsu, na yi wanka da humra. (Na sani sarai matan aure kaɗai ke yin haka a garinmu. Na ce wa zuciyata ai sadaukarwa ce ga fasaha.)

Aka fara. Usman ya shigo da buhu a kafaɗa, wai ya dawo daga yankan riɗi a Fashaga. Abin da aka rubuta mini shi ne in ce sannu da hanya. Ni kuwa na dafa ƙirji, na lumshe ido.

"Barka da dawowa, ya hasken idona. Tun tafiyarka wata bai sake fitowa ba."

Ya dube ni, ya dubi Khalti Zahra a cikin jama'a, sannan ya ce, "An ba Amna abinci?"

Na juya da mataji wajen Amna. Taku ɗaya na yi ta toshe hanci, ta shige ƙarƙashin gadon igiyar da muka ɗora a dandamali. Na durƙusa ina lallashi, tana ƙara matsawa ciki. Na cusa kai na bi ta, tob ɗina, wato laffayar da na naɗa, ya maƙale a ƙafar gadon, rabina a ciki, rabina (rabin da bai kamata ba) yana fuskantar mutanen unguwa.

Khalti Zahra ta taso ba gaggawa. Ta jawo ni ta ƙafa, ta ce a hankali, "Je ki inda ƙamshin nan ba zai iso ta ba, 'yata." Ta zauna a ƙasa ta ba gadon baya, tana ɗan rera waƙa ƙasa-ƙasa. Usman ma ya zauna. Can Amna ta fito, ta miƙa wa uwarta matajin. Matan da ke cewa iska ce, sai ga su suna share ido da gefen tob. Ni ina can jikin tankin ruwa ina tashin ƙamshi ni kaɗai.

Da aka watse Usman ya nufo ni yana murmushi. Na ce a raina yau littafi ya tabbata. Ya kalli yatsuna.

"Mabruk, ya ustaza. Wallahi ban ji ba. Wane ne angon? Da kin faɗa, ai da ni na ɗinka masa jallabiya."

Abin da na koya: kafin ki hau dandamali, ki tambayi labarin wa ake bayarwa. Sannan baƙin lalle sati uku yake yi bai goge ba, kuma duk kasuwar Gadarif ta iya cewa mabruk.