Yatsa Huɗu

Da na ga samarin unguwar Glenwood suna sassauke motocinsu har ciki ya kusa shafar kwalta, sai na kai tsohuwar akori-kurata gareji a sauke ta ita ma. Bakanike ya ce, "Baba, a bar mata taƙi guda daga ƙasa." Na ce yatsa huɗu ya isa, ai tun ba a haife shi ba nake tuƙi. Na durƙusa na auna da hannuna, motar kuwa ba kowa a ciki.

Jajibirin Layya na ɗauko raguna daga gona, ga maƙwabcina Alhaji Idi a gaba, wanda shi kaɗai ya yi nauyin rago biyu. A ƙofar gidajenmu na titin Wendover akwai tudun rage gudu. Muka hau, muka zauna daram. Ba gaba, ba baya, motoci sun yi layi suna ta hon.

Hajiyata ta leƙo ta tagar gida. "Malam, kun iso ne, ko a nan za a yanka?"

Aka sauke ragunan, shiru. Sai da Alhaji ya fita motar ta motsa.

Har yau in na shiga masallaci sai wani ya ɗaga yatsa huɗu. "Baba, a sauke Alhaji?"